Amaryar da Aka Kai Burgos

Sanyi ne ya fara yi mini barka da zuwa a Burgos. Watan Afrilu ne, rana ta fito tarwai, amma iskar da ta tarbe ni a ƙofar tasha sai da ta sa na ƙara naɗe mayafi, na cusa hannuwa cikin rigar sanyin da na aro. Garin yana kan tudu a arewacin Sifaniya, sama da mita 850 bisa teku, mutanensa sun saba da dogon hunturu kamar yadda muka saba da zafin bazara. Kusan awa uku muka yi a bas daga Madrid, ni da ɗan yayana da yake karatu a can, wanda shi ne bakina, shi ne kunnena a duk tafiyar. Da muka tsallake duwatsun da ke arewa da Madrid sai ƙasa ta buɗe, gonakin alkama kore shar har iyakar gani, da ƙananan ƙauyuka, kowanne da hasumiyar majami'arsa. A kan wasu hasumiyoyin akwai manyan sheƙoƙi na wani farin tsuntsu ɗan'uwan shamuwa. Yaron ya ce mini da yawansu, idan sanyi ya ƙarato, sukan tsallaka mashigin Jibraltar su ratsa Sahara su sauka ƙasashenmu. Na bi su da kallo kamar na ga 'yan gida.

Tun muna hanya yake tambayata. "Gwaggo, kowa in ya zo ƙasar nan Ƙurɗuba yake nema ko Garnaɗa. Ke kwana biyu kacal suka rage miki, kin ce sai arewa, wurin kabarin matar da ba ki haɗa komai da ita ba."

Ban ba shi amsa a lokacin ba, amma ga ta. Wata bakwai kafin wannan tafiya na raka 'yata ɗakin mijinta a wata ƙasa. Ta gama jami'a, ita ta zaɓi mijinta, kuma kullum muna magana ta waya har ina ganin fuskarta. Duk da haka, ranar da zan juyo na bar ta tsaye a bakin ƙofa cikin mutanen da ba ta iya harshensu sosai ba, abin da na ji a ƙirjina bai bar ni ba har yau. Tun daga ranar duk labarin amaryar da aka kai nesa yake kama ni. A haka na ci karo da labarin Leonor, na ƙudurta in Allah ya kai ni Sifaniya sai na ga inda ta kwanta.

Sunan mahaifiyarta aka sa mata, Eleanor, mutanen Sifaniya suka mai da shi Leonor, kuma da shi zan kira ta, don shi ne sunan da ta amsa mafi yawan rayuwarta. An haife ta wajen 1161 a Domfront da ke Nomandi. Ubanta Henri na Biyu ne, Sarkin Ingila, wanda mulkinsa ya miƙe daga iyakar Sikotilan har gindin duwatsun Pirenis. Uwarta Eleanor ta Akwiten ce, macen da ta yi sarauniyar Faransa kafin ta yi ta Ingila. Richard da ake yi wa kirari da mai zuciyar zaki yayanta ne, John ƙanenta. A 1170, tana da shekara tara ko kusa da haka, aka haɗa mata tawagar bishop-bishop da barade daga Bordeaux, aka haura da ita duwatsu aka sauko garin Tarazona, aka aurar da ita ga Alfonso na Takwas, Sarkin Kastil. Shi kansa angon bai cika shekara 15 ba. Maraya ne, uwarsa ta rasu yana jinjiri, ubansa ya bi ta yana ɗan shekara biyu da watanni, manyan gidajen Lara da Castro suka yi ta fizgarsa tsakaninsu, kowa yana so ya riƙe yaron don ya riƙe ƙasa.

Lissafin manya ne ya haɗa auren, ba wani abu ba. Henri yana so ya samu amini a kudu da Akwiten, masu riƙon Alfonso suna neman suruki mai ƙarfi da zai tsorata maƙwabciyarsu Nabara, wadda ta ci musu garuruwa lokacin yarintar sarkin. Har lissafin ya biya, don a 1177 gaban Henri aka kai shari'ar Kastil da Nabara a Landan. Amma ni ba lissafin nake gani ba idan na tuna shekarar 1170. Yarinya nake gani a kan doki ko cikin darbuka, tana waiwayen dutsen da ya shiga tsakaninta da uwarta. Shekara tara ƙuruciya ce a kowane zamani, ko wane suna aka ba abin.

Daga tsakiyar gari zuwa Las Huelgas tafiyar kusan rabin awa ce a ƙafa, kuma na ce a ƙafa za mu je. Muka bi gaɓar kogin Arlanzón, ƙaramin kogi mai ruwa garau, an shuka itatuwa a gefensa an gyara hanya. Muka wuce ƙofar Santa María, tsohuwar ƙofar gari da aka ƙawata da mutum-mutumin manyan Kastil, ta bayanta kuma hasumiyoyin babbar majami'ar Burgos suna leƙowa, dutse ne amma an huda shi an sassaƙa har ya zama kamar leshi. Abin da ya fara burge ni da garin ba gine-ginen ba ne, tsabta ce da natsuwa. Tsofaffi mata da maza suna tafe a hankali riƙe da hannun juna, babu mai yi musu hon, babu mai tura su. A ƙasa, nan da can, akwai tambarin ɓawon kifin teku da kibiya rawaya, alamar hanyar masu ziyara zuwa Santiago de Compostela, kusan kilomita 500 daga nan. Mun yi ta haɗuwa da su, jakunkuna a baya, sanduna a hannu, fuskoki sun ƙone da iska.

Las Huelgas ba ya yi wa baƙo kwalliya daga waje. Katanga ce, da hasumiya mai kama da ta tsaro, da fili shimfiɗe da dutse, da 'yan gidaje kewaye kamar ƙauye a cikin birni. Sunan yana nufin filin da aka bari ya huta ba a noma shi. A 1187 Alfonso da Leonor suka kafa shi ya zama gidan mata masu zaman zuhudu na ɗariƙar Sistashiya, kuma marubutan zamanin sun ce da roƙon sarauniya aka yi. Daga Tulebras da ke Nabara aka kawo matan farko, shugabarsu ana kiranta Misol. Yau shekara fiye da 830 ke nan, kuma har yanzu akwai mata a ciki suna ibadarsu a bayan ƙarafa, a sashen da baƙo ba ya shiga. Ban ga ko ɗaya daga cikinsu ba. Ƙararrawarsu kawai na ji.

Ba a barin mutum ya yi yawo shi kaɗai, sai an tara ku an haɗa ku da jagora. Tamu mace ce mai matsakaicin shekaru, tana magana da Sifaniyanci, yaron yana raɗa mini fassara. Ta shigar da mu majami'ar, doguwa, fara, babu ado mai yawa, sanyinta ya fi na waje. Ko'ina ka juya akwatunan dutse ne jere a jikin bango, manya da ƙanana, na sarakuna da gimbiyoyi da jarirai. A tsakiya, inda matan suke zama su yi addu'a, akwai akwatuna biyu manne da juna, suna ɗore a kan zakunan dutse. A goshin ɗaya an sassaƙa fada mai hasumiya uku, tambarin Kastil. A goshin ɗayan zakuna uku ne, ɗaya bisa ɗaya, tambarin gidan sarautar Ingila. Na daɗe a tsaye ina kallon zakunan nan. Mace ta yi shekara 44 a ƙasar miji, ta haihu a nan, ta binne 'ya'ya a nan, harshenta ya juye, amma da aka zo rufe ta ba a goge gidan ubanta ba, aka sa shi kafaɗa da kafaɗa da na mijinta, girma ɗaya, tsayi ɗaya. Wannan ya yi mini, kuma na girmama mutanen da suka yi shi.

Abin da ya fi ba ni mamaki a tarihinta shi ne yadda baƙuwar yarinya ta zama mai faɗa a ji. Sadakin da aka yanka mata ba zinariya ba ce ta sawa a akwati. Garuruwa ne da ganuwoyi da kuɗin shigar tasoshin ruwa, tana da ma'aikatanta da marubutanta da hatiminta. A Toledo har yau ana ajiye da wata takardar waƙafi da ta bayar a 1179, da tambarinta a ƙasa, da'ira da hoton hannu a tsakiya. Kuma ga abin da takardar ta ƙunsa: ta ɗauki nauyin wurin ibada a babbar majami'ar Toledo da sunan Thomas Becket. Becket shi ne babban bishop na Canterbury da baraden ubanta huɗu suka kashe a cikin majami'arsa ranar 29 ga Disamba, 1170, wata uku bayan an kai ta ɗaki. Fafaroma ya ayyana shi waliyyi a 1173, ubanta kuma ya je kabarinsa ya yi tuba a bainar jama'a. Wato tana da shekara 18, daga nesa, tana wanke wa gidansu jinin da ya ɓata masa suna. Duk macen da ta taɓa zama a gidan miji tana jin ana zancen laifin danginta, ta san nauyin wannan.

Gidan da ta kafa kuwa ba na wasa ba ne. Shugabar Las Huelgas ta zama ɗaya daga cikin mata mafi iko a Turai ta wancan zamani. Ƙauyuka fiye da 50 suna ƙarƙashinta, tana naɗa alƙalai, ana yanke hukunci da sunanta, har limaman coci sai ta ba su izini kafin su yi wa'azi a ƙasarta, kuma ba ta ƙarƙashin bishop na Burgos. Wannan iko na addini bai ƙare ba sai 1873, da umarnin Fafaroma. Masana suna ganin Leonor ta ɗauko samfurin daga Fontevraud a Faransa, gidan zuhudun da danginta suke ji da shi, inda mace ce take shugabanta, inda kuma daga baya aka binne ubanta da uwarta da Richard. Idan haka ne, to amarya ta yi abin da amare suke yi: ta tuna yadda ɗakin uwarta yake, ta jera nata a kan haka. Sai dai nata jeren na dutse ne, kuma ya zama mafaka ga 'ya'yanta da jikokinta mata. 'Yarta Constanza a nan ta yi zaman zuhudu har ta rasu. Gimbiyar da mijinta ya mutu, ko wadda aka saki, ko wadda ba ta son aure, tana da inda za ta je a karɓe ta da daraja.

Daga majami'ar muka fita tsakar gida, a nan ne kuma tafiyar ta juya mini. Na ɗaga kai na kalli rufin rumfunan da ke kewaye da filin da ake kira na San Fernando, sai na ga farar ƙasa da aka sassaƙa: ɗawisu, ganyaye masu sarƙe da juna, taurari masu kusurwa da yawa, da layukan baƙaƙen Larabci irin na Kufi. Magina Musulmi ne suka yi, ko waɗanda suka koya a hannunsu. Can ciki, bayan wata ƙaramar tsakar gida mai tagwayen ginshiƙai da ake kira Las Claustrillas, wadda ita ce mafi tsufa, akwai ɗan ɗakin ibada na Asunción. An gina shi da jan bulo, bakan gininsa masu lanƙwasa-lanƙwasa, tulluwarsa kuma an yi ta da bakuna masu gicciye juna sun bar tauraro a tsakiya. Da za a rufe wa mutum ido a kawo shi nan a buɗe, zai rantse a Marrakesh yake. Ana cewa a wannan ɗaki aka fara ajiye gawar Alfonso da Leonor kafin a mai da su cikin babbar majami'a.

Ashe amaryar da ta taso daga Nomandi ba ƙasar Turawa zalla aka kai ta ba. An kai ta bakin iyaka, inda rabin ƙasar yake hannun daular Almuwahhidun. Mijinta a Toledo yana buga kuɗin zinariya da rubutun Larabci, yana kwaikwayon dinarin daular Murabiɗun, daga sunansu ma aka samo kalmar marabedi da Sifaniyawa suka yi ƙarnuka suna kiran kuɗi da ita. Zinariyar dinarin nan kuwa mafi yawanta daga Afirka ta Yamma ayari yake haurawa da ita ta Sahara. A shekarun da Leonor take zaune a Burgos da Toledo, Ibn Rushd yana raye a kudu, haka ma Alfazazi, mutumin Ƙurɗuba da ya rasu a 1230, wanda har gobe ake rera Ishiriniyarsa a zaurukanmu. Ban taɓa kawo wa raina cewa mai Ishiriniya da 'yar Sarkin Ingila sun sha iskar ƙasa ɗaya a lokaci ɗaya ba, sai da na tsaya ƙarƙashin tulluwar nan.

Ba zaman lafiya suka yi ba, kuma gidan bai ɓoye hakan ba. A 1195 Halifa Yaƙub al-Mansur ya yi wa Alfonso mummunan kaye a Alarcos, da ƙyar ya tsira da ransa. Shekara 17 yana haɗiye wannan. Ranar 16 ga Yuli, 1212, shi da sarakunan Aragon da Nabara suka haɗu da rundunar Muhammad al-Nasir, ɗan al-Mansur, a Las Navas de Tolosa, yaƙin da littattafan Larabci suke kira al-Uƙab. Musulmi suka sha kashi, kuma daga ranar Andalus ta fara gangara. Jikan Leonor, Fernando na Uku, shi ya karɓe Ƙurɗuba a 1236 da Ishbiliya a 1248.

Duk wannan yana raina lokacin da aka shigar da mu ɗakin tufafi, tsohon rumbun hatsin gidan da aka mai da shi gidan tarihi. Fitilu a rage suke don kada haske ya ci launi. A ƙarshen ɗakin, bayan gilashi, ga tutar da ake kira ta Las Navas, tsawonta ya fi mita uku. Alharini ce ja da zaren zinariya, tauraro mai kusurwa takwas a tsakiya cikin da'ira, kewaye da ayoyin Alƙur'ani. Al'ada ta ce daga hemar al-Nasir aka ƙwato ta, masana da yawa kuma suna ganin ganimar zamanin Fernando na Uku ce. Ko wanne ne, ganima ce. Na matsa kusa, na fara bin baƙaƙen da ido, leɓuna suna motsi ban sani ba. A cikin mu kusan ashirin da muke ɗakin, ni da yaron nan ne kaɗai muke iya karanta abin da ke jiki. Idona ya ciko. Ba zan ce ban ji ciwo ba, na ji. Amma a cikin ciwon akwai wani abu da dole in faɗa: shekara ɗari bakwai da ɗoriya wannan ƙyalle yana hannun waɗanda ba addininsu ba ne, ba su ƙone shi ba, ba su yanka shi sun yi riga ba, ba su bar asu da ɗanshi sun cinye shi ba. Mata masu zuhudu ne suka yi ta naɗe shi suna warwarewa, uwa ta miƙa wa 'ya, har ya iso gare ni ina karantawa. Sau ɗaya a shekara, a bikin da suke kira Curpillos, ana fita da kwafinsa a zaga unguwa, na ainihin yana nan a ajiye.

Sauran kayan ɗakin daga cikin kaburbura aka ciro su. Sojojin Napoleon da suka shiga Burgos a 1808 sun fasa akwatunan suna neman zinariya, suka kwashe abin da suka kwashe, suka bar tsummoki. Kabari ɗaya ne ya kuɓuta, na Yarima Fernando de la Cerda da ya rasu a 1275, domin wani akwatin ya tare shi. Da masana suka buɗe kaburburan a shekarun 1940 suka same shi yadda aka kwantar da shi: riga da alkyabba masu tambarin fada da zaki, hula da aka yi wa ado da duwatsu da murjani, ɗamara, takobi, har da kaimi. Tsummokin da ɓarayi suka raina kuwa, su ne yau dukiyar gidan. An wanke su, an miƙe su zare-zare, an shimfiɗa. Yawancinsu saƙar Andalus ce. Akwai matashin da aka sa ƙarƙashin kan Berenguela, babbar 'yar Leonor, jan alharini da rubutun Larabci kewaye. Mutanen da suka yi rayuwarsu suna yaƙar Musulmi, da mutuwa ta zo, a cikin saƙar Musulmi aka naɗe su, don ita ce mafi kyau da suka sani. Ni 'yar gidan masu sayar da atamfa da shadda ce, na san hannun gwani idan na gani. Da an bar ni da na wuni a ɗakin nan.

Mun fito rana ta karkata. Muka ratsa wani fili mai itatuwa da ake kira El Parral zuwa Hospital del Rey, masaukin da Alfonso ya gina wa matafiya masu ziyarar Santiago, ya kuma danƙa riƙonsa ga shugabar Las Huelgas. A da duk wanda ya iso da ƙura a ƙafa ana ba shi gurasa da miya da wurin kwana, mara lafiya a yi jinyarsa. Yanzu Jami'ar Burgos ce take ciki, ɗalibai masu karatun shari'a suna zaune a kan matakala suna cin abinci ƙarƙashin ƙofar da aka sassaƙa shekaru ɗaruruwa. Ba su rushe sun gina sabo ba, ba su kuma kulle shi ya zama kufai ba. Muka samu gefe a cikin filin muka yi la'asar a kan ciyawa, masu wucewa suka kauce mana ba tare da sun tsaya kallo ba.

A wurin cin abinci yaron ya gargaɗe ni da abin da garin ya fi shahara da shi, wani tsiran hanji da ake cusa wa jini da shinkafa, wanda bai halatta gare mu ba. Muka ci kifi da gurasa da farin cukunsu mai laushi, wanda ya tuna mini da wara. A nan ne, hannuna kewaye da kofin shayi, na ba shi labarin da ya kawo ni, labarin shekarar 1200.

Leonor ta haifi 'ya'ya goma ko fiye, da yawa sun rasu suna ƙanana. Mata huɗu sun zama sarauniyoyi: Berenguela a Leyon, Urraca a Fotugal, Blanca a Faransa, ƙaramarsu Leonor a Aragon. Wato abin da aka yi mata, ita ma ta yi wa nata. Auren Berenguela ma da shawararta aka yi shi a 1197 don a kashe wutar yaƙi da Leyon, Fafaroma ya raba shi saboda kusancin jini, amma ɗan da aka haifa a ciki shi ya haɗe ƙasashen biyu a 1230. Na Blanca ne ya fi tsaya mini. A farkon 1200 John, wanda ya gaji Richard, ya shirya sulhu da Sarkin Faransa, sharaɗin kuwa a ba yariman Faransa ɗaya daga 'ya'yan Leonor. Wa za a aika ya ɗauko amarya? Tsohuwa Eleanor ta Akwiten, ta haura shekara 75, ta yi kusan shekara 16 a tsare a hannun mijinta, ta binne Richard da 'yarta Joan a shekarar da ta gabata, ita ce ta ɗaura ɗamara ta haura Pirenis cikin hunturu. Ta sallami yarinya 'yar shekara tara, ta zo ta tarar da mace mai kusan 40, uwar 'ya'ya, sarauniya mai garuruwa. Shekara 30.

"Gwaggo, to da wane harshe suka gaisa?" in ji yaron. Na ce da wanda uwa da 'ya suke gaisawa.

Ta yi kusan wata biyu a fadar Kastil, sannan ta kama hannun Blanca, 'yar shekara 12, ta juya da ita arewa ta hanyar da aka bi da uwarta zuwa kudu. Leonor ta samu uwa ta rasa 'ya a tafiya ɗaya, kuma ba ta sake ganin uwar ba, don tsohuwar ta rasu a 1204. Blanca ita ce ta zama Blanche ta Kastil, wadda ta riƙe Faransa da hannun ƙarfe lokacin yarintar ɗanta Louis na Tara. Zaren bai tsinke a nan ba. A 1254 wani yaro ɗan shekara 15, Edward, jikan John, ya zo wannan gida na Las Huelgas aka naɗa shi barde, aka aura masa wata Eleanor, tattaɓa-kunnen Leonor, don a kashe rigimar yankin Gaskoni da Kastil take cewa yana cikin garar Leonor tun 1170. Ingila ta bayar da Eleanor ɗaya, bayan shekara 84 ta karɓi wata. Da wannan ta rasu a 1290, Edward ya gina alamomi 12 a duk inda aka sauke gawarta a hanyar Landan, ta ƙarshensu ita ta ba unguwar Charing Cross sunanta.

Amma ƙarshen Leonor kanta shi ne abin da nake ta juyawa a raina muna komawa tasha, fitilun bakin kogi sun kunnu, sanyi ya dawo da ƙarfinsa. A Oktoba 1211 babban ɗansu Fernando, magajin gado, ya rasu da zazzaɓi a Madrid yana ɗan shekara 21, aka kawo shi Las Huelgas. Bayan shekara uku, a farkon Oktoba 1214, Alfonso ya rasu a wani ƙauye mai suna Gutierre-Muñoz yana kan hanya. Ya bar mata riƙon ƙasa da riƙon autansu Enrique, ɗan shekara goma. Tare suka girma, maraya da baƙuwa, tun ba su san mene ne aure ba. An ce baƙin ciki ya kwantar da ita har ba ta iya tsayawa a kan jana'izarsa ba, Berenguela ce ta tsaya. Ranar 31 ga watan nan na Oktoba ta bi shi. A lissafinmu ko sadakar arba'in ba a kai ba.

Bas ɗinmu na ƙarfe takwas ne. Muna jira, wasu masu ziyara biyu, tsoho da tsohuwa, suka shigo suna ɗingishi, suka zauna kusa da mu, matar ta cire takalmi tana duba ƙafarta. Na buɗe jaka na miƙa mata man zafin da nake yawo da shi. Ta karɓa da hannu biyu, ta faɗi wata magana, na juya wurin yaron ya fassara mini, ya ce shi ma bai ji ba, ba Sifaniyanci take yi ba.